Haƙoran Baba Ladan

Ranar nan ina daka kayan yaji, ƙamshin kanumfari ya taso mini daga turmi, sai na jingine taɓarya na zauna. Haka bakin Baba yake ƙamshi duk farkon damina, lokacin da muke yara a Samaru.

Baba gyaran keke yake yi a wata rumfa jikin masallacin unguwarmu, kuma shi ne ladan. Ba shi da dogon karatu, amma Allah ya ba shi murya, yana kuma fitar da kowane harafi tsaf. A lokacin masallacin ba shi da lasifika. Dakali yake hawa, ya toshe kunne, har masu gasa masara a bakin titi su ji. Idan an tambaye ni 'yar wane ce ni, ba na cewa mai gyaran keke.

Ciwon ba ya zuwa sai an yi ruwan fari, mangwaro ya fara ƙarewa a kasuwa. Kullum bayan Azahar yake tasowa, kuma kullum a gefen dama. Idon ya yi ja, fatarsa ta sauko, hawaye ya riƙa zuba ta gefe guda, hancin wajen ya toshe. Ka san a wurinmu mara lafiya kwanciya yake yi a zo a yi masa sannu. Baba ba ya iya kwanciya. Zagaye tsakar gida yake yi, daga rijiya zuwa zaure, ya danne idon da tafin hannu, wani lokaci ya jingina goshi da randa. Mama sai ta kora mu gidan maƙwabta, don kada mu ga ubanmu a haka. Ta can nake jin wani ya kira La'asar a madadinsa. Kafin Magariba ya warware, kamar ba shi ba. Gobe kuma a sake, har makonni.

Kaka, mahaifiyarsa, tana zaune tare da mu. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa sannu a gaban mutane. Ta bakin Mama take aika saƙo.

"Ke, ki gaya wa mutumin nan haƙori ne. Ciwon da ke sauka har muƙamuƙi ai ba na kai ba ne."

Aka yi ta cusa kanumfari, aka sha Panadol, aka yi ƙaho. Da abin ya ƙi, Baba ya hau mota zuwa Sabon Gari, wurin wani dattijo mai cire haƙori a bayan kasuwa. Ya dawo da auduga a baki. Ciwon bai tsaya a ranar ba, aka ce dafin ne yake fita a hankali. Da masara ta fara bunƙasa kuwa sai ya ɗauke gaba ɗaya, kowa ya ce Kaka ta yi gaskiya.

Da damina ta zagayo, ciwon ya dawo. Aka ce haƙorin da ke kusa da wanda aka cire ne ya kamu. Aka cire, aka jira, ya tafi. Haka aka riƙa yi shekara bayan shekara, har gefen dama na sama ya zama fili, aka fara taɓa na gaba.

Ni na fara jin canjin, ko kuma ni na fara yarda na ji. Idan ya ɗaga murya, wani ɗan fito yake biyo kalmomin. Yaran layinmu suka fara kwaikwayonsa a bakin famfo. Liman bai ce komai ba, dattijai ma haka. Baba ne da kansa ya sami Liman wata ranar Juma'a, ya ce a ba wani matashi kiran, shi ba zai riƙa ambaton sunan Allah da fito ba.

Ina sakandare lokacin da na raka shi Sabon Gari, saboda Mama tana jego. Dattijon nan ya bar garin, shagon ya koma hannun wata mata 'yar kudu mai farar riga. Ta haska bakin Baba da tocila, ta ƙwanƙwasa haƙoran da suka rage, ta ajiye kayanta.

"Baba, wannan haƙori lafiya lau. Ni ba zan cire ba."

"'Yata, ni nake jin ciwon."

"Na sani. Ka cire duka ma ciwo zai zo ya same ka. Ko kana so ka koma kunu safe da yamma? Ka je Shika."

Baba ya yi dariya, yana rufe baki da hannu kamar yadda ya saba.

A asibitin Shika likitan bai ko duba haƙori ba da farko. Tambayoyi ya yi. Wane gefe? Wane lokaci na rana? Wane lokaci na shekara? Idan ya taso, kwanciya kake yi ko yawo? Da ya yi wannan ta ƙarshe, Baba ya juyo ya dube ni, kamar ni na tsegunta masa. Likita ya ce mu zauna har lokacin ya yi. Bayan Azahar ciwon ya zo kamar kullum. Aka zaunar da shi, aka sa masa abin rufe hanci da baki, aka buɗe iskar oksijin sosai, aka ce ya yi ta shaƙa. Ina kallon hannunsa a kan gwiwa, yana matse, yana matse, har ya saki. Ana kiran La'asar daga wani masallaci a kusa, Baba yana zaune yana amsawa a hankali.

Likitan ya ce ciwon kai ne na jijiya, mai zuwa da lokacinsa, ya yi makonni, ya tafi da kansa ko an cire haƙori ko ba a cire ba. Ya ce maganin ciwon kai na kanti ba ya cim masa, don kafin ya fara aiki ciwon ya gama nasa. Akwai iskar nan, akwai allura ta gaggawa, akwai kuma ƙwayar da ake fara sha da zarar lokacin ya kama, bayan an auna zuciya. Ya hana shi barcin rana da zama cikin warin fetur a waɗannan makonni. Bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya ce za a rage.

"To haƙoran fa?" in ji Baba.

"Da ma lafiyarsu ƙalau, Baba."

A mota muna dawowa, da muka kusa sauka, ya ce mini:

"Kada ki gaya wa tsohuwa."

Ban gaya mata ba. Har ta rasu tana ganin shawararta ce ta riƙa ba ɗanta sauƙi.

Maganin ya yi aiki. Akwai daminar da ciwon bai zo ba sam, akwai wadda ya zo da sauƙi. Wani ƙanen Baba ya sa aka yi masa haƙoran roba, kuma da Liman ya ji, ya aiko a ce ya dawo bakin aikinsa. Baba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya gwada. Muna tsakar gida muna ji. A magana haƙoran suna zaune daram, amma da ya ɗaga murya sai su motsa. Ya fito ya ce wa ɗan aiken a yi wa Liman godiya. Washegari ya ɗauki tsintsiya ya share masallaci, kuma shi ya riƙa yi daga nan.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ana samun tukunyar iskar a kawo har gida idan likita ya rubuta, matasa kuma suna duba alamun ciwo a waya kafin su taɓa jikinsu. Duk da haka, idan na ji an ce wani yana fama da ciwon ido da haƙori na gefe guda mai zuwa da lokaci, nakan ce a kai shi asibiti tukuna. Iyakar abin da na sani ke nan.

Baba ya rasu a daminar bara, ba da wannan ciwon ba. Unguwar ta cika da sababbin mutane, tsofaffin da suka san shi da ƙuruciya kaɗan suka rage. Mata suna shigowa gaisuwa, suna cewa, "Allah ya jiƙan tsoho mai sharar masallaci, mutumin kirki, ba ka jin muryarsa."

Na ce amin. Ban gyara musu ba.