Zaren da Anti Tsaf Ta Yanke

Duk layin shagunan nan babu wanda ya san sunanta na yanka. Anti Tsaf ake kiranta, domin kalmar ba ta barin bakinta. Mai gyaran tufafi ce, ba ta ɗinka sabo. Wandon da ya yi tsawo, rigar da ta yage a hammata, zif ɗin da ya ƙi hawa, su ne abincinta. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga: keke ɗaya, benci ɗaya, sai dogon madubi da ya tsage a kusurwa. Abin da ta tsana a duniya shi ne zare mai lilo. Ta sha tsayar da mutumin da ba ta taɓa gani ba ta ce, "Tsaya, bawan Allah," ta tsinke masa zaren da ke reto a hannun riga, ta wuce abinta ba ta jira godiya ba.

Almakashi kam tana da su manya da ƙanana, amma ba don zare ta ajiye su ba. Haƙoranta biyu na ƙasa, na gaba, su ne almakashinta tun tana koyon aiki. Ta saƙala zare tsakaninsu ta fizge, shi ke nan. Da safe kuma ta ɗauki buroshi mai tauri ta dirje su kamar mai wankin gindin tukunya, don ita fari ƙal take so. Haka aka yi shekara da shekaru.

Ruwan sanyi ne ya fara tona asiri. Tana kurɓa sai zafi ya tsarga mata har cikin kai. Ta bar shan sa, ta ce wa maigidanta tari yake sa ta. Ran nan babbar 'yarta, wadda ke aiki a kantin magani, ta biyo shagon, suna hira ta ƙura mata ido ta ce, "Umma, wai haƙoranki tsawo suke ƙarawa ne?"

Da wasa ta faɗa, amma tana fita uwar ta tsaya gaban madubi ta ja leɓe. Dasashi ya janye ƙasa, saiwar haƙoran biyu ta fito fili, rawaya-rawaya. Ta taɓa na hagu da yatsa, ya girgiza.

Ba zafin ne ya tsorata ta ba. Mahaifiyarta ta rasa haƙoran gaba tun da sauran ƙuruciyarta, daga nan ba ta sake yin dariya ba sai da hannu a baki. Anti Tsaf ta tashi ba ta san kamannin dariyar uwarta ba, bayan hannu kawai ta sani da kafaɗu masu girgiza. Tun tana yarinya abin ke yi mata ciwo, ta kuma ɗauki alkawari a ranta cewa ita da haƙoranta za a rufe ta.

'Yar ce ta ja ta asibitin haƙori. Ɗaki ne fes mai ƙamshin magani, da kujera mai kwanciya da kanta, da fitila a saman fuska. Likitar yarinya ce sa'ar 'yarta, wannan ma bai yi wa Anti Tsaf daɗi ba. Ta duba, ta yi tambayoyi, da ta ji labarin zare da buroshi sai ta jinjina kai.

"Mama, dasashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa," in ji ta. "Amma akwai aikin da ake yi. Zan yanko 'yar fata daga ganɗarki, wato rufin bakinki, in shimfiɗa a kan saiwar, in ɗinke."

"Wato maho za ki yi mini."

Likitar ta yi murmushi. "Maho kuwa, Mama. Sai dai wannan ƙyallen mai rai ne. Sai ya zauna shiru jini ya shige shi kafin ya kama. In ya motsa ya mutu. Haƙorin nan na hagu kuwa ba shi da sauran jira. Saboda haka kar ki ja leɓe ki leƙa, kar buroshi ya je wurin, kar ki taɓa da yatsa. Zare kuma kun rabu."

Ranar aikin aka yi mata allurar kashe zafi, bakinta ya yi nauyi kamar ba nata ba. Ba ta ji yanka ba, amma ta ji ɗinki. Jan zare ba ya ɓoyuwa ga tela ko da a cikin bakinsa ne. Tana kwance ido rufe tana auna hannun yarinyar, ta kuma yarda a ranta cewa hannun bai da laifi.

Kwanakin farko ta sha wuya. Ganɗar ta yi ɗanye kamar ta ƙone da shayi, abinci sai mai ruwa-ruwa, magana sai da hannu. Maigidan ya samu abin tsokana. "Ikon Allah," yake cewa, "ashe gidan nan yana da shiru haka? Ko za a tambayi likitar nan in akwai ƙari?" Ta harare shi, ta nuna masa maɓallin rigarsa da ke shirin faɗuwa. Dokoki kuwa ta bi su tsaf. Har ƙaramin almakashi ta ɗaure da igiyar ƙyalle ta rataya a wuya, don kar hannu ya manta ya kai zare baki.

Zaman gida ya ishe ta, ta koma shago tun ba a ce ta koma ba. A nan ne harshenta ya gano su: ƙananan wutsiyoyin zare a bayan leɓe, suna tsikarinta duk lokacin da ta haɗiye yawu. Zare ɗaya ya fi sauran tsawo. Tana taka keke tana jin sa. Tana auna ƙugun wata tana jin sa. Ta yi ta dauriya, ta yi ta istigfari, amma matar da ke tsinke zaren baƙo a titi yaya za ta yi da wanda ke lilo cikin bakinta?

Wata rana da tsakar rana shagon ya yi tsit, babu kowa. Ta ce kallo kawai za ta yi. Ta ja leɓen a hankali gaban madubi. Ga mahon nan a kwance, ga ƙulle-ƙulle baƙaƙe a jere, kowanne da wutsiya, na ƙarshen kuwa tasa har ta lanƙwashe. Ranta ya sosu. Ɗinki mai kyau haka, a bar shi ba a share ba! Da 'yar koyo ce ta kawo mata wannan, da ta mayar mata.

Ba ta yi ganganci ba, a ganinta. Ta karɓo ruwan zafi wurin mai wanki da guga, ta tsoma almakashin, ta goge. Ba ta ja ba, ba ta fizga ba. Ta ɗora bakin almakashin daidai gindin ƙullin, kamar yadda take yi wa kowace riga, ta datse. Ta shafa da harshe, ta ji sumul. Rabon da ta ji daɗi irin wannan tun kafin aikin.

Kafin ta rufe shago ta tsinci guntun zare a kan harshenta. Washegari gefen mahon ya ɗaga. Ta danna shi da yatsa ya koma, ya sake ɗagawa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi ta fatan ya kama, shi kuwa ya yi ta dushewa, har ya koma toka-toka, bakin ya fara wari. 'Yarta ce ta ji warin, ta ɗauko mayafin uwar ta miƙa mata, suka koma asibitin.

Likitar ta daɗe tana dubawa ƙarƙashin fitila. "Mama, wa ya taɓa ɗinkin nan?"

"Lilo yake yi," in ji Anti Tsaf, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wutsiyar kawai na cire."

"Wutsiyar nan ita ke riƙe da ƙullin. Baki ba yadi ba ne, Mama, jiƙe yake kullum, zaren santsi yake yi. Da gangan muke barin ta."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce haƙorin dama za a iya sake gwada masa in ganɗar ta warke. Na hagun kuwa babu abin da zai riƙe shi kuma, sai cirewa. Daga baya, in wurin ya warke, a yi maganar na roba.

A bakin titi 'yar ta kasa haƙuri. "Umma, zare fa! Ɗan zare! Me ya tsare miki?" Hawaye take yi. Ita ma uwar tambayar da take yi wa kanta ke nan.

An cire haƙorin. Ta koma bakin kekenta, almakashi a wuya, magana kaɗan. Wata yamma 'yar tana zaune a benci sai mai wanki da guga ya faɗo shagon a gigice, riƙe da wandon wani da ya ƙona, shatin dutsen guga ya fito ɓaro-ɓaro a mazaunai.

"Anti, ki rufa mini asiri," ya ce. "Ko dai in ƙona ɗaya gefen ma, mu ce masa sabon yayi ne?"

Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun bayan abin. Tana cikin yi idonta ya faɗa kan dogon madubin. Ga wata mata a ciki, hannu a baki, kafaɗu na girgiza. Ta san matar nan tun tana yarinya. Ba ta san lokacin da hannun ya tashi ba, ta so ta sauke shi ta kasa. Ta juya ta ga 'yarta na kallonta, tana kallon bayan hannun.