Kwamfutar da Na Sauya wa Bappa

Jiya wani ya zo sayen tsofaffin kwamfutoci, sai na tuna Bappa, ƙanen mahaifina. Da furfurarsa ya koma karatun digiri na uku. A shagona na Jimeta ya jona kwamfutoci guda takwas, suna raba lissafin ambaliyar Kogin Binuwai tsakaninsu, ɗakin duk zafi da ƙaurin waya.

Saura wata ɗaya ya miƙa aikin, na sauya masa ɗaya da mai sauri ban gaya masa ba. Amsa ta fito daban.

"Ɗana, me ka taɓa?"

Na faɗa masa. Sai ya yi dariya.

"Ashe kwamfutocin ba sa jiran juna, mai saurin ta wuce sauran! Laifin manhajata ne. Gara kai ka kama ni da masu jarrabawa."

Mako uku yana gyara, kuma ya ci. Allah Ya tarbe shi da rahama, yadda ya tarbi kuskurena.