Ranar da Najeriya Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Ofisan ya turo takarda ta ƙarƙashin gilashi, tafinta ya fassara mini ta waya: "Sudan sun ce kai ba nasu ba ne. Najeriya ma sun ce ba su san ka ba. Nan za ka zauna sai an gano ƙasarka." Wata biyar ke nan ina tsare a gidan da Turawa ke kulle waɗanda aka hana mafaka. A ɗakinmu akwai dattijon da haka ta same shi, ya daina magana, sai kallon bango. Na ga kaina a jikinsa.

Ni ɗan Kafanchan ne. Na bar makaranta a aji uku, na yi acaba, na gaji. Na fara da ɗibar citta kaɗan-kaɗan a siton kawuna, ƙarshe na kwashe buhunan na sayar, na kama hanya. Da na isa Turai, wani ɗan garinmu ya ce, "Yaga fasfo, ka ce Sudan ka fito, yaƙi ya koro ka." Na yaga, na rantse. Turawan ba su yarda ba.

Da kuka na roƙa aka kawo wata madam daga embasinmu.

"Jiya Sudan, yau Kafanchan," ta ce. "Me kuke yi a gida?"

"Citta, Mama."

"In an tono, sai me?"

Na ce a wanke, a tsaga da wuƙa a tsaye, a baza a kan dutse, gefen yankan na kallon rana, kar ruwa ya taɓa. Ta ce in miƙo hannu. Ta daɗe tana duba tabon wuƙa a babban yatsana.

"Mamata 'yar Jaba ce, ƙasar citta," ta ce. "Sannu, ɗan Sudan." Ta sa hannu a takardar komawata gida.

Da ankwa aka sa ni a jirgi, ina addu'a kar su canza ra'ayi.

Samari, kar ku taɓa kayan mutum, kar ku yaga takardarku. Na tuba, Ubangiji ya gafarta mini.

A Abuja na ari waya na rubuta wa yayata:

"Anti Rahila, ni ne, ban mutu ba. Gobe zan shigo mota. Ki tare ni a tasha, ina tsoron shiga gida ni kaɗai. A can na rantse musu an kashe Mama a gabana. Don Allah ki bari ni zan faɗa mata."