Ranar da Na Jera Lambobin Sama

Har yau ban manta da wata Talata a shekarar 2005 ba. Lokacin ina akawu a wata sakandare a Bukuru, watana huɗu, ba a tabbatar da ni a aiki ba. Takardar tuhuma ɗaya ta isa a sallame ni.

Malam Sabo, malamin kimiyya, Allah Ya jiƙansa, ya ba ni jerin wasu taurari in buga a kati, domin masu duba makarantu za su zo. Na ga M1, M13, M31, M42, M45. A rajista an koya mana ba a tsallake lamba. In an tsallake, fayil ya ɓata. Sai na gyara masa, na buga M1 zuwa M5, na liƙa a bango.

Shugabar masu dubawa ta tsaya gaban katin ƙarshe, na Kaza da 'Ya'yanta, wanda a jerin Malam M45 ne.

"Malam, yaushe Kaza da 'Ya'yanta ta zama M5?"

Malam ya karanta, ya dube ni, ya danne dariya.

"Wa ya buga wannan?" ta tambaya, ta zaro biro.

"Ranki ya daɗe, ni na ba da aikin ban duba ba. Sunana za ki rubuta."

Ta rubuta kuwa.

Da suka tafi na ce, "Oga, lambobin ne na ga da giɓi."

"Isuhu! Wata huɗu a aiki har ka yi wa sama garambawul? Saura ka yi wa wata canjin wurin aiki!"

Ya zaunar da ni ya bayyana mini. M harafin farko ne na sunan wani Bafaranshe da ya tsara jerin tun da daɗewa. Kowace lamba da mai ita, shi Malam biyar kawai ya tsamo. Akwai ma wani kundin, NGC, inda M31 ɗin nan take amsa 224.

"Abu ɗaya, fayil biyu?"

"Kai ba Isuhu ba ne a gida, Yusuf a takardar albashi?"

A ƙarshen shekara aka tabbatar da ni. Sai wajen ta'aziyyarsa bara na ji cewa rubutun nan ya jinkirta masa ƙarin girma shekara guda. Bai taɓa faɗa mini ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, lambar da ba ku kuka ba da ita ba, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuma na ƙasa da ku ya taɓa, ku fara duba sa hannunku kafin ku ɗora masa laifi.