Albasar Madam

Ni na samo wa yayana aikin garka a gidan kumandan, baturen da ke mulkin yankinmu, kuma na daɗe ina yi wa mutane gori da wannan. Lokacin ina komi, wato ƙaramin magatakarda, a biro, ofishin kumandan na Dogon Dutsi, mai farar taguwa da alƙalami a aljihu, ina tafiya ina jin kaina. Yayana kuwa manomi ne a ƙauyenmu, can wajen Geceme. Ni aka kama aka kai lakwal, makarantar nasara, shi aka bar shi da gona da Inna.

Shekarun aikin tilas ne. Kowane rani sai a aika wa masu gari su kawo mutane na aikin hanya, su fasa dutse, su ɗauki jar ƙasa a ka, wata da watanni nesa da gida. Wasu su dawo da tari, wasu kuma sandarsu kawai ake kawo wa iyalinsu. Amma duk mai aiki a gidan kumandan ba a sa sunansa. Shi ya sa da tsohon mai garkar ya makance na yi ta zarya har aka ɗauki yayana. Inna ce ta ce in san yadda zan yi, na kuwa yi.

Matar kumandan, wadda kowa ke ce wa madam, siririya ce mai yawan ciwon kai. A duk garkar, tumatir da salati da itacen lemo, ba abin da ta damu da shi sai wasu tukwane uku da ke bakin baranda. Daga ƙasarsu ta zo da su, a jirgin ruwa, sannan a mota. Abin da ke ciki ganye ne kawai, dogo, mai kauri, ya cushe wuri guda. Ta ce sunansa agapant, daga gidan uwarta ta ciro shi, kuma gajeren iri ne, wanda ake sawa a tukunya. Ta nuna mana hotonsa a littafi: kara siriri, a samansa dunƙulen fure shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Shekara biyu ke nan yana nan bai yi furen ba, amma ta ce bana zai yi, ta ga alama.

Yayana ya duba hoton, ya duba tukwanen, ya ce da ni a hankali, "Wanga ai albasa ce da ta ƙi yin kai." Daga ranar sunan ya bi shi, albasar madam.

Ya yi wa albasar nan bauta. Da sassafe ya ba ta ruwa, ta sha hantsi, rana na take tsaka ya ɗauke tukwanen ya kai inuwar baranda, la'asar ya mayar. Ruwan daga rijiya mai zurfin gaske ake jawo shi, mata na layi da tuluna, shi ya wuce gaba saboda gardin kumandan, wato dogarinsa, na tsaye. Kunyar wannan ta dame shi ƙwarai, har yakan zaga ta baya don kada ya haɗa ido da su. Amma da ganyen ya fara sheƙi sai na lura ya fara son abin. Mutum ne da ba ya iya ganin tsiro bai kula shi ba.

Da bazara ta yi zafi ciwon madam ya tashi, aka kai ta Yamai. Kafin ta shiga mota ta sa na fassara masa: ruwa da safe, inuwa da rana. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na sha juya maganar a raina shekara da shekaru, ban sami wata kalma bayan waɗannan ba.

Ruwan farko ya sauka tana can. Kwana kaɗan bayan haka yayana ya zo ƙofar biro ya tsaya, don ba ya shiga, ya yafito ni. Ɗaya daga cikin tukwanen ta tsage. Saiwoyi farare masu kauri kamar yatsu sun nannaɗe juna sun cika ta, ƙasar ma kusan babu.

"Duba hwa," ya ce. "Ina abu za shi yi hure a hakanga? Ko numfashi ba shi samu. Hatsi ma in ba a yi mishi cira ba, kara za ka girba."

Duk wanda ya tashi a gona ya san cira. Ka zuba ƙwaya da yawa a rami, in sun tsiro ka cire masu rauni, ka bar uku ko huɗu su sami wuri. Manomin da ya bar shukarsa a cunkushe rago ne, har yara na yi masa dariya. Yayana kuwa a ƙauyenmu da gonarsa ake misali.

Ya tambaye ni ko a jira madam. Wannan tambayar ita ce ba na son tunawa. Shi ya yi tunanin jira, ni ne na ce jiran me. Na ce nasara na son mai aiki da ke da kai, in ta dawo ta ga aikin nan sai ta ƙara masa matsayi. Na faɗa da ƙarfi, har na haɗa da Faransanci, don masu gadi su ji.

Ya yini yana yi. Ya fasa tukwanen uku, ya raba saiwoyin da wuƙa a hankali, ya fitar da gindi fiye da ashirin. Ya gyara kunya a gefen hanyar shiga gida, inda rana ke samu da safe, ya zuba takin awaki, ya dasa su a jere, taku guda tsakanin kowanne. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Da ya gama ya tsaya yana share gumi, ya ce, "To, yanzu kowa shi miƙe ƙahwa."

Madam ta dawo tsakiyar damina, ta ƙara ramewa. Aka kira ni in yi tafinta. Na tarar da ita durƙushe a bakin kunyar, farar rigarta cikin laka. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce in gaya masa wannan tsiro ba ya fure sai saiwarsa ta matsu, matsin nan shi take jira shekara biyu, yanzu kuwa an mayar da shi baya, sai wata shekara biyu ko uku, in ma ya rayu. Ta ce ita ba za ta kai lokacin a ƙasar nan ba. Sai ta fashe da kuka.

Na fassara. Yayana ya dube ni, yana jira in faɗi nawa, in ce ni na ce a yi. Na dubi takalmana. Tsoro ne ya kama ni, tsoron farar taguwa da kujerar biro, ba wani abu ba.

Kumandan bai sa a doke shi ba. Ya ce kawai ya tafi. Yayana ya naɗe tabarmarsa, ya biyo ta biro ya ce mini, "Ɗan lakwal, ka ce ma wanda za a ɗauka kada shi bari awaki su shiga." Ya kama hanyar Geceme a ƙasa.

Bayan girbi takardar aikin hanya ta fito. Mai garinmu ya zo da sunayen mutanensa a baki, yana faɗa ni ke rubutawa. Gidanmu ya yi shekara biyu bai ba da kowa ba, maƙwabta sun fara magana, don haka sunan yayana ne na huɗu da ya faɗa. Da ya faɗa sai ya yi shiru yana dubana. Na san abin da shirun ke nufi. Ina iya tsallakewa, amma adadi sai ya cika, wani gida za a shiga a ɗauko ɗan wani, kuma in maganar ta kai kunnen kumandan ni ma na tafi. Na tsoma alƙalami na rubuta. Har yau ina ganin rubutun, ya yi kyau, ko ɗigon tawada babu.

Bai dawo ba. Zawo ne, in ji waɗanda suka dawo, a wata na uku. Inna ba ta zage ni ba, ba ta kuma sake kiran sunana ba, sai dai ta ce "wancan na biro".

Rabin abin da ya dasa rana ta ƙone. Sauran suka kama, suka yi 'ya'ya, suka sake cushewa. A shekara ta uku, madam da mijinta sun daɗe da tafiya, na zo wucewa da safe na ga kara tara sun fito, kowanne da dunƙulen fure shuɗi, daidai yadda yake a littafin. Sabon kumandan gwauro ne, ko kallonsu bai yi ba.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na yanko ɗaya, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, na ari doki na tafi ƙauye. Matar yayana na sussuka a bakin rumbu, 'ya'yanta biyu na tsince ƙwaya a ƙasa. Na miƙa mata, na ce ga abin da ya shuka, ya yi.

Ta karɓa, ta juya shi, ta sunsuna, ba ƙanshi. Ta ce, "Ana miya da shi?"

Na ce a'a.

Ta miƙo mini abina, ta ɗauki taɓaryarta.