Gardamar Kaka da Malam a Kan Sunan Sakkwato

Duk lokacin da na ji yaran mota a tasha suna kiran "Sakkwato! Sakkwato!", sai na tuna da tsofaffi biyu da suka ƙarar da rayuwarsu suna musu a kan wannan suna.

Ɗaya kakana ne, ɗan kasuwar hatsi. Ɗayan amininsa ne, wani malami da ke zaune kusa da Hubbare. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo gari, kowa zancensa sabuwar mota da ginin siminti. Su kuwa da la'asar ta yi sai su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ni in kawo fura, su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

Kaka, wanda Larabcinsa bai wuce na salla ba, ya kafe cewa sunan daga Larabci ya fito, ma'anarsa kasuwa. Malam da ya sha littattafai ya ce sam, sunan wani mutum ne da ya fara zama a wurin tun kafin jihadi. Kakata takan leƙo ta ce ita dai ta ji Fillanci ne, su haɗu su kore ta. Ka gan su sai ka rantse yau za a raba gari, amma ludayi ɗaya suke sha.

Wata bazara babban ɗan Malam ya rasu a haɗarin mota a sabuwar kwalta. Aka share makoki, Malam bai fito ba. Ya daina cin abinci, ya daina magana, iyalinsa suka fara fid da rai. Masu wa'azin haƙuri sun yi har sun gaji.

Ran nan Kaka ya sa na ɗauki ƙwaryar fura muka tafi. Mun tarar da Malam a zaure ya rame, ya zuba wa bango ido. Kaka bai yi masa ta'aziyya ba. Ya zauna ya ce, "Malam, ashe ni da kai duk ɓata munka yi. Wani ɗan boko ya hwaɗa min Turawa na sunka raɗa ma garin suna."

Can sai na ga gemun Malam yana rawa.

"Turawa? Wane jahili na yac ce haka? Kuma kai, da huhhurarka, ka yarda?"

Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, ya jawo ƙwaryar ya sha don ya ci gaba. Kaka ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Ni da ke zaune a ƙasa na ga hawaye ne yake ɓoyewa.

Yau jikokina kan duba waya su karanto mini ma'anar sunan cikin ƙiftawar ido, kowa ya tashi ya kama gabansa. Ina son su, amma tausayinsu nake ji. Ban san wanda zai zo ya tsokane su ranar da suka yi shiru ba.