Yadda Na Goge Launin Motar Mahaifina

Gaisuwa ga edita da duk masu karatu. Na sha ɗaukar alƙalami don in rubuto muku wannan labari, sai in fara in ajiye in tashi. Yau dai na ɗaure kaina a kujera.

A lokacin da abin ya faru ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Konni da Badagishiri, ban daɗe da yin aure ba. Duk tasha an san ni da garaje. In saura mutum guda mota ta cika ba na iya jira, sai in tayar in ce zan tsince shi a hanya. Ko shayi a tsaye nake sha, yana ƙona mini baki ina hurawa ina tafiya. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, shi ma ɗan tasha ne, amma mutum ne mai sanyin hali, ban gado shi ba ko kaɗan. Da ya rasu ya bar wata tsohuwar ƙaramar mota shuɗiya, wadda yake komawa gida da ita in ya ajiye ta haya. Rana ta ci shuɗin nan har ya koɗe. Ba mu sayar ba saboda Inna, mahaifiyarmu, ba ta so. Yayana da ke aiki a Malbaza shi ya ajiye ta a ƙofar gidansa, ƙarƙashin rumfar kara.

Shekarar da Allah ya kira Inna aikin Hajji, kafin ta tashi ta zaunar da ni da Yaya, ta ce abu guda take roƙo. In Allah ya maido ta lafiya, kada mu tarbe ta da motar aro ko ta haya, motar mahaifinmu take so ta kai ta gida. Ta ce ya yi ta burin ya kai ta Makka bai samu iko ba, to ko motarsa ta ɗauko ta daga tasha. Muka amsa. Yaya ya ɗauki gyaran inji, ni kuma na ce a bar mini jikin motar. Babu wanda ya ce jikin yana neman wani abu, ni na ƙirƙiro wa kaina aikin.

Manyan motocin dakon siminti ta ƙofar gidan Yaya suke wucewa. Ƙurarsu ta daɗe tana kwanciya a kan motar, yayyafin farkon damina ya zubo ta rumfa ya jiƙa ta, rana ta busar, sai ta kama fenti ta daskare. Na wanke har hannuna ya gaji, in na shafa sai in ji kaushi kamar bayan dutsen niƙa. Na kawo ta Konni wajen wani mai goge fenti. Ya jiƙa samfefa cikin bokitin ruwa da sabulu, ya bi jikin motar yana gogawa, sannan ya shafa man goge ya bi da inji mai juya soso. A ƙarƙashin rumfarsa motar ta yi kyau har ina ganin fuskata a ƙofa. Da na fito da ita rana kuwa sai gabana ya faɗi. Duk murfin injin ya cika da zobe-zobe kamar saƙar gizo-gizo, a ƙarƙashinsu ga siraran layukan da samfefa ta bari, wasu wurare kuma sun yi dushi-dushi.

Mutumin bai yi mini gardama ba. Ya ce simintin ne ya sa ya fara da samfefa mai kaushi, kuma aikin bai ƙare ba. Sai an bi da mai laushi, a canza soso, a yi a inuwa lokacin da ƙarfe ya huce, a hankali. Ya ƙara da cewa fentin ya tsufa ya yi siriri, akwai layukan da dole a haƙura a bar su. Matsalar ita ce an yi ruwan shuka a ƙauyensu can wajen Bazaga, kuma ba ya barin shuka don aikin kowa. Ya ce in jira ya dawo, ai alhazai ba su ko hau Arfa ba. Gaskiya ya faɗa, lokaci yana nan. Amma ni kalmar jira kamar ƙaya take a kunnena. Na yi ta lallaɓa shi har ya bar mini injin gogen, a kan wai zan ɗan taɓa wuri guda kawai.

Ga dabarar da na yi, kuma a lokacin gani nake babu mai wayona. Tunda a inuwa layukan ba sa fitowa, sai na tsayar da motar a tsakiyar fili da tsakar rana, inda zan ga kowane ɗaya. Ƙarfen ya yi zafin da ba a iya ɗora tafin hannu, man goge yana bushewa tun kafin in baza shi. Na ƙure gudun injin, na danna da ƙarfina. In na kori wannan zobe sai wani ya fito a gefensa, in bi shi. Na ga soson ya rine ya zama shuɗi, har na yi murna wai datti ke fita, ashe fentin mahaifina ne nake kwashewa. Ban farga ba sai da na ji ƙauri. Na ɗaga injin na ga tabo mai launin toka a bakin murfin, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Sai na ce bari in goge kewayensa ya saje, ya ƙara faɗi. Na koma ƙofa don in huce haushi, na ƙona gefenta ita ma. Kafin la'asar motar ta yi dabbare-dabbare.

Daga ranar zama ya gagare ni. Na rufe motar da tamfol a bayan gidana, ina fita ina ɗagawa ina leƙawa kamar tabon zai warke da kansa. Matata ta kawo abinci in ci loma biyu in miƙe. Na bi garejin Konni ɗaya bayan ɗaya, na je har Illela, kowane mai fenti maganarsa guda: launin da rana ta koɗar ba a haɗa shi a gwangwani. Wani daga cikinsu ya ba ni zaɓi. Ko dai ya cike wuraren da suka ƙone kawai, za su fito kamar faci a tsohuwar riga amma motar tana nan yadda aka san ta, ko kuma a kankare a fesa mata sabon fenti gaba ɗaya. Ana haka Inna ta kira daga Makka, bayan gaisuwa ta tambayi motar, na ce lafiya lau take. Tsoro ya kama ni, ga kunya. Na kasa jure tunanin ta sauko ta ga faci, kowa ya san aikin hannuna ne. Ban shawarci Yaya ba, na ce a fesa duka.

Ta fito shuɗiya mai duhu, tana walƙiya kamar yau aka sauke ta daga kanti. Ƴan tasha suka yi ta yaba mini, har na fara jin ko na tsira. Da Yaya ya zo ya gani, ya zagaya ta, sannan ya ce shi ba ruwansa, Inna zan amsa wa.

Ranar da alhazai suka iso daga Yamai, tashar Konni ta cika maƙil, kowane gida da motarsa a jere, mata na guɗa. Na tsayar da tamu a gaba-gaba. Inna ta sauko, ta rame amma fuskarta fes, muka rungume ta, aka ɗauki kaya. Sai na ga tana ɗaga kai tana dube-dube. Ta bi jerin motocin da ido, ta wuce tamu, ta dawo ta sake wuce ta, har gefen mayafinta ya taɓa ƙofar. Sannan ta juya wajen Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa don kada mutane su ji, ta tambaye shi ko mun sayar ne muka ɓoye mata. Ni na buɗe ƙofar na ce mata ga ta nan. Ta kalli motar, ta kalle ni, ta shiga.

Tun daga Konni har muka wuce Tsarnawa ina hango ta a madubi tana share ido da bakin mayafi. Sai da muka kusa gangarawa Badagishiri, inda gidanmu yake, ta yi magana, ba faɗa ba zagi. Ta ce duk zamanta a can, in ta tuna gida, abin da take gani shi ne za ta sauko ta hango koɗaɗɗen shuɗin nan daga nesa, yadda ta saba hango shi yana shigowa unguwa da yamma, ta san mai gida ya dawo. Ta ce ita ba ta roƙi ƙyalli ba. Bayan an watse daga barka da zuwa ta ce wa Yaya a sa motar a hanya ta yi aiki, ba sauran dalilin ajiye ta.

Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Na gane cewa ba don Inna na yi ta goge-gogen nan ba, don idon ƴan tasha na yi, da kuma rashin iya zama. Ina jan kunnen ƴan'uwana direbobi da duk mai hannu a mota: in samfefa da inji sun bar maka layuka, kada ka bi su cikin rana, kada ka danna, kuma da ka ga launi a soso ka tsaya nan take. In mai aikin ya ce ka jira, ka jira ya gama shukarsa. Abin da ya fi wannan, kafin ka gyara kayan da wani ke ƙauna, ka tambaye shi me yake gani a jikinsa. Motar tana nan tana haya, kusan kullum ina ganinta a tasha, kuma Inna ba ta sake tambayar ta ba.